Mu Gwada da Hannunmu: Ma'ajiyar Kayan Yaji ta Maganaɗisu

 Ranar Lahadi, da kasuwar Illela ta ci, Inna ta sayo citta da kanumfari da masoro, kowanne a ƙulle cikin leda. Kafin Laraba ɓera ya huda biyu, kaza ta barbaje na ukun. Kuɗin cefane ya tafi a banza, shi ya sa na nemo dabara.

Ku je wurin mai gyaran rediyo ku roƙi matattun lasifika. A bayan kowace akwai baƙin zobe mai kama ƙarfe, shi ne maganaɗisu. Ku manna guda 3 ko 4 a jikin katako da gam mai ƙarfi, ku bari ya kwana, sannan Yaya ya kafa katakon a bango da ƙusa.

Sai gwangwanaye masu murfi, irin na madarar gari, ƙanana. Ku gwada kowanne tukuna, domin maganaɗisu ba ya kama gwangwanin lemo, na alminiyam ne. Ku wanke, ku shanya har ya bushe ƙarau, don ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya dunƙule yaji ya kawo tsatsa. Kada ku cika shi maƙil, nauyi zai fizgo shi ƙasa.

A kafa nesa da murhu: zafi da tururi suna kashe ƙamshi. Daddawa kuwa a ba ta gwangwaninta daban, in ba haka ba har shayi sai ya yi warinta!

Idan maganaɗisu ya fashe, ku tsince gutsattsarin tas. Yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne hanjinsa, sai asibiti.