Akwatin gas na Amurka ba shi zai kawo kuran a amfi ba

Duk sanda kuran ya ɗauke a site sai wani ya turo mini bidiyon akwatunan nan na kamfanin Bloom Energy, wai ga abin da jami'o'inmu ke buƙata. Na kalla, na yi bincike, kuma ban yarda ba.

Na'urar kanta ba ƙarya ba ce. Ba ta ƙona gas kamar gurup. Tana ciro haidirojin daga iskar gas ta haɗa shi da iskar shaƙa, wuta ta fito ba ƙara ba baƙin hayaƙi, ko da yake tana fitar da kabon. Kusan rabin ƙarfin gas ɗin, ko fiye, yana zama lantarki, abin da gurup mai shan gazuwal ba ya iyawa. An kafa wa Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego wata irinta mai megawat 2.8.

Amma me ya sa ta yi aiki a can? Bututun gas yana bi ta ƙarƙashin titi har ƙofar jami'a, gas ɗin yana da arha, kuma gwamnatin jiha da ta tarayya sun ɗauki wani ɓangare na kuɗin saye. Duk da haka, bayan ƴan shekaru sai an canza zuciyar na'urar, kuma kamfanin ne kaɗai ke da kayan.

To mu fa? Wane bututu ne ya zo Maraɗi ko Tawa? Gas ɗin da muka sani shi ne na butel daga SORAZ ta Damagaram, wanda iyayenmu mata ke bin layinsa. Bututun Najeriya zuwa Aljeriya kuwa tun muna yara ake maganarsa. A 2023, da Najeriya ta yanke mana kuran, mun ga abin da dogaro da makullin wani ke jawowa. Yanzu kuma mu koma jiran injiniya daga Amurka?

Rana ce ba wanda zai yanke mana. Tashar Gorou Banda a Yamai tana ba da megawat 30, Malbaza 7. Rufin amfi da fakin duk a buɗe suke, kuma darasi da rana ake yi. Batir na dare yana da tsada, na sani.

Abin da nake so daga shugabannin jami'o'in Abdou Moumouni, Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani shi ne su fito da lissafi: nawa ke tafiya a gazuwal da takardar NIGELEC kowace shekara? Su liƙa shi inda ɗalibai za su gani.