Ayaba a Bango, Tumfafiya a Bayan Aji

Jama'a, akwai wata al'ada tamu ta masu koyon aikin malanta wadda nake so mu duba. In aka ce mu yi darasin tsire-tsire, sai kowa ya nemo tsohon zanen Turawa, na ayaba ko wani tsiro mai faffaɗan ganye, ya kwafa ya manna a bango. Zanen da kyau, ban musa ba. Amma mun taɓa tambayar abin da ya sa aka yi shi?

A shekarar 1736 wata ayaba ta yi fure a lambun wani attajiri, George Clifford, a ƙasar Holan, cikin ɗakin da ake ɗumama mata. Don mamaki, masanin nan Linnaeus ya rubuta littafi guda a kanta, aka zana ta a ciki. Watau ayabar da muke saye a kasuwar Azare ita ce baƙuwarsu. Mai zanen ya zauna gabanta ya duba da idonsa. Mu kuwa takarda muke duba.

Ga wani misali a gida. Wajen 1907 wani likita, J. M. Dalziel, ya yi aiki a ƙasar Katagum. Ya tara tsire-tsirenmu ya busar, aka kai su lambun Kew a Ingila. A 1916 ya fitar da littafin sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa. Daga bakin wa ya ji sunayen? Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani, kakannin yaran da za mu koyar. Ba abin kunya ba ne a ce jikokinsu sun haddace sassan tsiron hoto, amma ba su iya bayanin tumfafiyar da ke bayan ajinsu a Gadau ba?

Shawarata ita ce malami ya fita da yara su zana tumfafiya inda take. Ganyenta ma faffaɗa ne. Mai zane dole ya lura ganyen bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, da fari-fari a jikinsu kamar an barbaɗa gari. Nan ne malami zai gargaɗe su game da farin ruwanta, gama yana ɓata ido. Haka zurma, a ƙirga yatsun ganyenta, a faɗa musu 'ya'yanta dafi ne. A ƙarƙashin kowane zane yaro ya rubuta sunan da aka faɗa masa a gida, da amfanin tsiron.

Wani zai ce ai waya tana ɗaukar hoto nan da nan. Tana ɗauka, amma ba ta tilasta wa yaro ya ƙirga kome. Wani kuma zai ce bai iya zane ba. Ba a neme ka da gwaninta ba, malam. Fensir da takarda da rabin sa'a a inuwa sun isa, kuma damina mai zuwa ma ba sai an jira ta ba, tumfafiya ba ta zubar da ganye don rani.