Fetur mai etanol: a fara tunanin injin ban ruwa kafin mota

Tun 2017, lokacin da kamfanin NNPC da gwamnatin Kebbi a zamanin Atiku Bagudu suka sa hannu kan yarjejeniyar samar da etanol daga rake da rogo, ake maganar ranar da wannan sinadari zai shiga tankunanmu. Manufar ƙasa ta 2007 ta riga ta tanadi gauraya kashi 10 cikin ɗari a fetur. Masu fargaba kan tuna Fabrairun 2022, lokacin da gurɓataccen man da aka shigo da shi daga Beljiyam ya lalata motoci, ya kuma jawo dogayen layuka. Sai dai abin da ya yi yawa a wancan man metanol ne, wanda ya fi etanol cin ƙarfe da roba nesa ba kusa ba, kuma ba bisa ƙa'ida ya shigo ba. Laifin wani bai kamata ya hau kan wani ba.

Mai mota dai hankalinsa ya kwanta. Kusan duk fetur ɗin Amurka na ɗauke da kashi 10, Birtaniya ma ta koma kansa a 2021, kuma galibin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Kalgo da Birnin Kebbi an ƙera su ne don irin waɗannan kasuwanni. Asararsa ita ce lita ba za ta kai shi inda ta saba ba, da ragin kusan kashi 3 cikin ɗari.

Damuwata tana fadama. Etanol na jan danshi daga iska, kuma idan ruwan ya yi yawa sai su haɗu su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda inji ke zuƙa. Mota mai rufaffen tanki da ke shan manta cikin mako guda ba ta ba wannan dama. Injin ban ruwan manomin shinkafa a Kalgo ko Gwandu kuwa aikin rani yake yi, sannan a jingine shi da ragowar mai a kafireta duk tsawon damina, lokacin da iska ta fi jiƙa. Ranar da aka koma tayar da shi, tiyo ya saki, kafireta ta toshe, tanki ya yi tsatsa. Haka ƙaramin janareto da tsohon babur ɗin ɗan kabu-kabu. Ƙari a kan haka, mai da yawa a ƙauyuka daga hannun 'yan bumburutu yake fitowa, cikin kwalabe da galan da suka sha rana da buɗe-rufe.

Za a ce ai Birazil ta daɗe tana zuba fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, babura na ta gudu. Gaskiya ne, amma tun 1975 take wannan shiri, kuma injunan da ake sayarwa can an ƙera su da robobin da ke jure shi. Ko Amurka, da ta halatta kashi 15 ga motocin 2001 zuwa sama, ta haramta shi ga babura da ƙananan injuna.

Ban ga dalilin ƙin shirin ba, tunda kasuwa ce ga manomin rogo da rake, musamman bayan cire tallafin mai a 2023. Amma hukumar kula da harkar man fetur, NMDPRA, ta tilasta rubuta adadin etanol a jikin kowane famfo, ta riƙa gwaji har gidajen mai na ƙananan hukumomi, a kuma bar fetur zalla a kasuwa don masu ƙananan injuna. Malaman gona da kanikawa su koya wa manoma tsiyaye tanki da kafireta kafin ajiya, aikin da bai wuce 'yan mintoci ba.