Kare Da Ciwon Daji: Kafin A Ce A Yanke Ko A Bari

Na san tun daga ganin kan wannan rubutu wani zai yamutsa fuska, ya ce a jihar da jama'a ke barci da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, masu ciwon daji cikin 'yan Adam kuma ke sayar da gona da bisashe su tafi Sakkwato ko Zariya neman magani, wane irin rashin aikin yi ne zai sa malamin jami'a ya cika shafi guda da zancen ƙafar kare? Tambaya ce mai tushe, kuma zan zo kanta. Sai dai ina roƙon mai karatu ya ba ni aron kunnensa tukuna, domin shawarar da nake son mu tattauna ta fara shigowa gidajen irinmu, ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma idan ta zo mafi yawanmu ba mu da abin riƙewa sai jita-jitar majalisa.

Kare a ƙasar nan ma'aikaci ne. A ƙauyukan Tsafe da Bungudu shi ne abokin maharbi da makiyayi, kuma sau da yawa haushinsa ne ƙararrawar farko idan baƙin dare sun doso gari. A cikin Gusau kuwa, musamman unguwanni irin Tudun Wada, masu hali sun koma sayen manyan karnukan waje, irin su Rotwaila da Alseshan da Burbul, don gadin gida. To, waɗannan manyan karnuka su ne sankarar ƙashi ta fi kamawa, galibi bayan sun shekara bakwai. Ke nan matsalar ta masu karanta wannan shafi ce tun kafin ta zama ta maharba.

A watannin baya wani maƙwabcina, ma'aikacin gwamnati, ya ga karensa yana ɗingishi, ga kumburi mai tauri a ƙafar gaba, dab da abin da za mu kira wuyan hannu. Aka ce targaɗe ne, aka jira. Da abin ya ƙi, likitan dabbobi ya sa aka yi hoton ƙashi, ya ce yana zaton daji ne, ya ba da shawarar a gutsuro ɗan abin a gwada, idan ya tabbata kuma a cire ƙafar. Da zancen ya iso majalisarmu sai aka rabu uku. Wasu suka bushe da dariya. Wasu suka ce kul, daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi zai fantsama. Sauran suka ce a saka shi bayan mota a kai shi bayan gari a sake shi, a sayo wani. Duka ukun, a ganina, ba su da gaskiya, amma na biyun ne suka fi jan hankalina, domin kuskurensu daga harshe ya samo asali, harshe kuwa shi ne fagena.

A bakin jama'a, kalmar "daji" buhu ce da ake zuba cututtuka barkatai a ciki. Kumburin da ya yi ja ya ɗauki zafi daji ne, gyambon ƙafar mai ciwon sukari daji ne, maruru da ya ƙi nuna daji ne, sankarar nono ma daji ce. Sunan kansa yana nuni da abin da ya fito daga jeji, inda iskoki suke, wato abin da ba na asibiti ba. Daga nan aka gina ƙa'idar cewa ba a yi masa allura. Ba mu kaɗai muka sa wa cutar suna daga tsoro ba. "Kansa" da muka aro daga Ingilishi asalinta ƙaguwa ce a Latin, kuma tun zamanin likitocin Girka ake kamanta ta da wannan halitta mai ƙafafu ko'ina. Bambancin shi ne su sun daɗe da farfasa sunan zuwa ɗaruruwan cututtuka, kowace da halinta da maganinta, mu kuwa har yau muna riƙe da suna ɗaya da hukunci ɗaya.

Ga misali daga jikin karen kansa. Akwai wani tsiro da ke fitowa a al'aurar karnukan da ke yawo sakaka, ya yi kama da tsokar da ta ɓare, yana ɗigar jini. Sankara ce ta gaske, kuma abin mamaki, ana ɗaukarta ta hanyar barbara. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Nobinski, shi ya fara nuna ana iya ɗaukarta daga kare zuwa kare a 1876, binciken da Elizabeth Murchison ta Jami'ar Kambirij ta jagoranta a 2014 kuma ya nuna ƙwayoyinta sun samo asali daga kare guda da ya rayu dubban shekaru da suka wuce. Wannan "daji" allura ce maganinsa: binkiristin ta jijiya, sau ɗaya a mako, yawanci makonni 4 zuwa 6, kuma fiye da 90 cikin 100 suna warkewa sarai. Wanda ya riƙe cewa daji ba ya son ƙarfe ya hana karensa waraka da ke hannu.

Haka kumburin ƙafa. Yana iya zama sankarar ƙashi, yana iya zama ƙwayoyin cuta ne suka shiga ƙashi bayan cizo ko rauni, yana kuma iya zama tsohuwar karaya da ta haɗe a karkace. Maganin kowanne daban, kuma babu mai hankalin da zai so a cire ƙafa a kan cutar da magani zai iya kashewa. Aikin gwajin da likitoci ke kira bayofsi ke nan: a sa dabba barci, a shigar da allura mai rami cikin ƙashin, a ɗebo ɗan gutsure, a duba shi a madubin likita, a faɗi sunan cutar. Yana da nasa haɗari, domin ƙashin da cuta ta riga ta cinye yana iya karyewa a wurin da aka huda, wani lokaci kuma gutsuren bai isa ya ba da amsa ba. Shi ya sa ake farawa da hoton ƙafa da na ƙirji, sannan siririyar allura da ke zuƙo ƙwayoyi kawai. Har ma akwai likitocin da idan hoton ya fito ƙarara, ƙashin kuma ya lalace yadda ko mene ne sunan cutar ƙafar ba za ta tsira ba, sukan cire ta sannan su aika da ita ɗakin gwaji. Wannan ra'ayi ne mai hujja. Abin da ba shi da hujja shi ne ƙin gwaji don tsoron ƙarfe. Yaɗuwar da mutane ke gani bayan an taɓa ciwo, galibi ta riga ta faru tun kafin a je asibiti.

Wannan ya kawo mu ga ɗacin maganar. Sankarar ƙashi da ake kira ostiyosakoma ita ce kusan 85 cikin 100 na sankarar da ke farawa daga ƙashin kare, kuma muguwa ce. Lokacin da aka gano ta, kusan tara cikin karnuka goma ƙwayoyinta sun riga sun tafi wasu sassa, musamman huhu, ko da hoton ƙirji bai nuna komai ba. Idan aka cire ƙafa kawai, rabin karnukan ba sa wuce wata 4 zuwa 5. Idan aka haɗa da allurar kashe ƙwayoyin daji, irin su kaboplatin, lissafin yakan kai wata 10 zuwa 12, kamar ɗaya cikin biyar kuma yakan ga shekara biyu. Duk likitan da ya ce da mai kare yankewa waraka ce, bai gaya masa gaskiya ba.

To, me ya sa za a yanke? Saboda zafi. Wannan cuta daga cikin ƙashi take cin sa, ciwonta yana cikin mafiya tsanani, kuma ƙwayoyin rage zafi ba su daɗewa suna riƙe shi. Kare ba ya kuka kamar mu. Sai dai ka ga ya daina cin abinci, ya daina tarbar maigida, yana lasar wurin dare da rana. Ƙarshenta ƙashin ya karye da kansa, karayar da ba ta ɗoruwa. Cire ƙafar yana kawar da tushen azabar a rana ɗaya.

A nan ma muna auna kare da ma'aunin mutum. Bahaushe yana tsoron kalmar "yankewa" har yakan ɗauke majinyacinsa daga gadon asibiti cikin dare ya kai shi wurin mai ɗori, kuma dalilinsa a fili yake, domin wanda ya rasa ƙafa a cikinmu yakan rasa sana'a, wani lokaci aure, ya kuma sami sabon suna da ba ya so. Kare ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ya duba madubi, 'yan uwansa ba sa kiransa gurgu. Mafi yawa suna miƙewa cikin kwana ɗaya ko biyu, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14, cikin wata guda sun saba da tafiya a kan uku. Dama tun kafin aikin a kan ukun yake tafiya, yana jan ta huɗun da ke masa ciwo. Haushinsa da jinsa da hancinsa, waɗanda su ne aikin gadi, babu abin da ya taɓa su.

Duk da haka ban ce kowane kare a yanke ba. Kare yana ɗora kusan 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba, saboda haka tsohon kare mai ƙiba, wanda sauran gaɓoɓinsa suka riga suka yi sanyi, zai sha wuya idan ta gaba aka cire. Idan hoton ƙirji ya nuna cutar ta cika huhu, aikin wahala ce kawai a kan wahala. Idan kuma babu wanda zai kula da miki a gidan, ya hana ƙuda da lasa, ya mayar da shi wurin likita, gara kada a fara. A irin wannan hali abin da ya rage shi ne maganin zafi daga hannun likita, sannan idan ya daina aiki, a yi masa allurar da za ta sa shi barcin da ba ya farkawa. Na ce daga hannun likita, domin ibufurofen da muke saye a kemis yana huda cikin kare, ya kuma lalata masa ƙoda.

Wani zai ce ina addini a cikin wannan? Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma abin da muka karanta a zaure bai goyi bayan masu dariya ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai kuma malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni. Risala ta hana ajiye kare a gida sai don gona ko kiwo ko farauta, amma masu sharhi sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare lokacin da katangarsa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuhume shi ya nuna cewa da Imamu Malik ya ga wannan zamani, da abin da ya fi kare zai ajiye. Mutumin Zamfara na yau ba ya bukatar a fassara masa wannan amsa. Kowa kuma ya san hadisin wanda aka gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishirwa. A babin yanka na Muhtasar, Shaihu Halilu ya halatta a ƙarasa dabbar da ba a cin namanta idan an yanke ƙauna daga rayuwarta. Ban ga inda aka halatta a ci moriyar dabba shekara bakwai, sannan a yar da ita kamar tsumma ba.

Sakin kare a bayan gari ma ba shi kaɗai yake cutarwa ba. Babban karen gadi da yunwa da ciwo suka haɗu a kansa haɗari ne ga yaran da ke kiwo da masu zuwa itace, idan kuma ya gauraya da karnukan da ba a yi wa rigakafi ba, an buɗe ƙofar haukan kare, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare.

Saura tambayar da na yi alkawari. Gaskiya ne, a ƙasar da dokar 2024 ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a Naira 70,000, wanda ya ɗauki kuɗin makarantar 'ya'yansa ko na maganin mahaifiyarsa ya zuba a allurar daji ta kare don ƙarin 'yan watanni, ya saɓa tsarin haƙƙoƙi, kuma ba zan kare shi ba. Ni kaina ba na ba kowa shawarar wannan allura a halin da muke ciki, sai wanda ya sauke duk nauyin da ke kansa. Amma hoto da gwaji da aikin cirewa, ko allurar hutawa, ba su fi ƙarfin wanda ya iya sayen Rotwaila ya ciyar da shi shekaru ba. Kuɗin da ya hana karen kuma, mu faɗi gaskiya, ba asibitin mutane yake kai su ba.

Babbar matsalar mai kare a Gusau ita ce nisa. Asibitocin koyarwa na dabbobi da ke da masu duba irin wannan gutsure suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kowanne tafiyar kilomita 200 ko kusa da haka, ɗaya ta Bungudu, ɗaya ta Tsafe, hanyoyin da mutum ke yin addu'a kafin ya hau. Sai dai ba dole ba ne karen ya yi tafiyar. Gutsuren da aka saka a ruwan fomalin cikin 'yar kwalba yana daɗewa bai lalace ba, kuma direban tasha zai iya kai shi. Abin da nake kira ga hukumomin kula da lafiyar dabbobi na jiha da likitoci masu zaman kansu su yi shi ne su ƙulla tsayayyar yarjejeniya da waɗannan jami'o'i biyu, a san ranar aikawa, a san farashi, a san kwana nawa sakamako zai dawo ta waya. Hanyar da za ta ɗauki gutsuren ƙashin kare ita ce za ta ɗauki na saniya da na raƙumi da na doki.