Dungeons & Dragons: Yadda Ake Sabunta Wasan Da Ya Haifi Fim

Duk wanda ya kalli fim ɗin nan Dungeons & Dragons: Honor Among Thieves, wanda ya fito a 2023, na san bai manta da Chris Pine da Michelle Rodriguez ba, ga kuma Hugh Grant da ya fito a maci amana. To amma ko kun san ba daga littafin labari aka ɗauko fim ɗin ba? Daga wasa aka ɗauko shi, wasan da abokai ke kewaye tebur su yi da fatar baki.

Ga yadda abin yake. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa: wani mayaƙi, wani matsafi, wani ɓarawo, wani kuma mawaƙi irin Chris Pine a fim ɗin. Mutum ɗaya shi ne mai jan labari, kamar dai darakta. Shi zai ce ga dodo nan ya tare hanya, me za ku yi? Babu sikirif a hannun kowa. In ka ce za ka kai sara, sai ka jefa wani abu kamar ɗan ludo mai fuska 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ka samu ko ka kuskure.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da wasan a Amurka a 1974. Kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, shi kuma Hasbro ya sayi Wizards a 1999. Dokokin wasan suna cikin manyan littattafai 3: Player's Handbook na 'yan wasa, Dungeon Master's Guide na mai jan labari, sai Monster Manual da ya tattara dodanni. Duk bayan wasu shekaru sai a sake rubuta su, kuma a nan ne rigima ke tashi.

Tambaya ta farko ita ce, shin sabon bugu zai kashe tsohon? A 2008 da aka fito da bugu na 4, an sauya dokoki sosai har littattafan da mutane suka tara suka tashi daga aiki. Ai kuwa jama'a da yawa suka yi fushi. Kamfanin Paizo ya ga dama ta samu, ya fito da Pathfinder a 2009 bisa tsoffin dokokin, har ta kai wani lokaci yana gaban uban gidan nasa a ciniki. Wannan ta sa kafin bugu na 5 a 2014 sai da aka ba masoya dokokin suka gwada tukuna, kuma bugun ya karɓu ƙwarai.

Da wasan ya cika shekara 50 a 2024, kamfanin ya sake littattafan, amma ya ƙi kiransu bugu na 6. Ya ce gyara ne kawai, labaran da aka saya tun 2014 suna nan daram. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu! Ga kuma abin da ya faru a Janairun 2023, wata biyu kafin fim ɗin ya fito, lokacin da asiri ya tonu cewa kamfanin na shirin tsuke lasisin da ya ba ƙananan mawallafa tun 2000. Masoya suka yi ca, wasu suka janye kuɗinsu daga D&D Beyond, dole kafin watan ya ƙare ya janye maganar.

Tambaya ta biyu, a sake su gaba ɗaya ko ɗaya bayan ɗaya? A 2008 rana ɗaya aka sako dukkan ukun. Wannan karon kuwa na 'yan wasa ya fito a Satumban 2024, na mai jan labari a Nuwamba, na dodanni sai Fabrairun 2025. Rarrabawar na da amfani, don kowane littafi kusan dala 50 ne, kuma ɗan wasa guda ɗaya kawai yake buƙata. Mai jan labari ne ke sayen uku, ka ga in aka ba shi tazara aljihunsa zai ɗan numfasa.

Amma fa akwai cikas. Wata biyar cur jarumai na riƙe da sabbin dabarun yaƙi, su kuwa dodannin na 2014 ne. Kamar a sako kashi na ɗaya na fim ne, a ce bos ɗin sai a kashi na uku za a gan shi. Haba!

Abin da ya fi damuna shi ne sabon shiga. A 2014 ƙaramin akwatin koyo mai araha aka fara fitarwa a Yuli, kafin manyan littattafan. A wannan karon kuwa akwatin, Heroes of the Borderlands, sai Satumban 2025 ya iso, shekara guda bayan littafin farko. Yaron da fim ɗin ya burge, ko ya ga yaran Stranger Things suna wasan, da me zai fara? Da littafi mai shafi 384?

Ni dai a ganina, a fara da akwatin koyo, sannan a sako manyan ukun cikin wata biyu zuwa uku, kuma a faɗa wa mai saye gaskiya tun farko: wane tsohon littafi ne zai ci gaba da aiki, wane ne ya mutu. Masoyi na iya haƙurin jira, amma ba ya yafe wa wanda ya sa kuɗinsa ya bi ruwa.

Ku fa, wanne kuka fi so, a ba ku duka a lokaci guda ko a riƙa gutsura muku? Ina jiran wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.