Sitaj a birni, aiki a rumfar kara

Shekara biyu ke nan da ɗiyar ƙanwata ta gama makarantar horar da malamai. Ranar da ta dawo daga sitaj ɗinta na ƙarshe, wato makonnin nan da ake tura ɗalibin malami ya gwada koyarwa a aji na gaske, na tambaye ta yadda ta ga aikin. Ta ce, "Kawu, ai ba wuya, 15 bisa 20 na samu." Na ce madalla, to me malamar ajin ta gyara miki? Sai ta yi dariya. Ashe tun kwana na biyu madam ɗin ta miƙa mata alli da littafin kiran suna, ta ce tana da uzuri cikin gari, daga nan ba ta ƙara zama ajin ba sai jefi-jefi. Darasi guda ne aka zo aka duba, shi ma sai da aka kwana uku ana maimaita shi da yaran, har kowa ya san tambayar da za a yi masa da lokacin da zai ɗaga yatsa.

A watan Oktoban da ya biyo baya aka tura ta wani ƙauye, aka ba ta ajin CI. Ba gini, ba benci, rumfar ma ba a kafa ba don ba a gama yankan hatsi ba balle a samu kara. Da aka kafa, yara suka haura saba'in, zaune a ƙasa, babu ko guda da ya taɓa jin Faransanci, cikinsu har da ƴan rugar da ko Hausar ba ta zauna musu ba. Mako na biyu ta kira ni da dare tana kuka. Abin da ta ce shi ne, "Kawu, wannan ba shi aka nuna mana ba."

Gaskiyarta. Kuma ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa na kawo maganar nan shafin.

Makarantunmu na horar da malamai, irin su Askia Mohamed ta Damagaram ko Mali Bero ta Doso da sauran takwarorinsu, duka a birane suke, kuma galibi a makarantun da ke kusa da su ake sitaj. Dalilin a bayyane yake: ɗalibi zai kwana inda ya saba, mai sa ido zai iso da babur cikin minti goma. Amma sabon malami ba a birni ake ajiye shi ba. Wuraren birni na waɗanda suka daɗe ne da masu uwa a gindin murhu. Shi sabon, daji za shi, inda wata sa'a malami guda ke riƙe da aji biyu ƙarƙashin inuwa guda, yana koya wa ƴan CP haɗa baƙi yayin da ƴan CE1 ke jiran ya waiwayo. Wa ya taɓa nuna masa yadda ake raba awa guda tsakanin aji biyu? A takarda, ƙila. A aikace, babu.

Tun daga Yulin 2017, lokacin da gomnati ta yi wa malaman kwantiragi na firamare sama da dubu 50 jarrabawa, aka tarar kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kai rabin maki, duk mahawarar ta koma kan ilimin malami: wace takarda ya kamata ya zo da ita, shekara nawa zai yi yana karatu. Ban raina wannan ba. Wanda bai iya lissafin CM2 ba, ba ya koyar da shi. Sai dai jarrabawar nan abin da ke kan malami ta auna, ba ta auna abin da yake iyawa gaban yara ba. Sa yaro saba'in su yi shiru ba tare da bulala ba, gane wanda ke bin baki da wanda ya fahimta, lura da yarinyar da ke can baya ba ta ganin allo, sanin cewa bayan ƙarfe sha ɗaya yaron da bai karya ba ya daina jin ka, duk wannan a aji ake koyonsa, kusa da wanda ya iya, kamar yadda ake koyon ɗinki ko ƙira. Ba a taɓa ba yaron tela shadda a ce yanka, ni na tafi kasuwa ba.

Nan ne na fi ganin ɓarakar. Malamin da ake kai wa ɗalibi shi ne rabin horon, amma sau da yawa ba zaɓensa ake ba, ajinsa ne kawai ya faɗo cikin lissafi. Ba a koya masa yadda zai zauna baya ya saurara, ya rubuta, ya zauna da ɗalibin bayan an tashi su bi darasin daki-daki ba. Kuma aikin ƙari ne a kan nasa. To mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ka kawo masa mai riƙe masa aji kyauta, me kake tsammani? Ban wanke wadda ta bar ɗiyata da yara ba, amma na san akwai tsoffin malamai, maza da mata, da suka yi shekara ashirin a ƙauye suna fitar da yara masu karatu, ba wanda ya taɓa tura musu ɗalibi ko guda. Su ya kamata a nemo, a ba su wani abu na ihsani da sunan wannan aiki, a kuma tambaye su rahoto na gaske.

Sai batun harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Duk da haka za ka samu ɗalibin malami ya gama sitaj bai taɓa ba da darasin karatu ko lissafi da harshen yaran a gaban mai duba shi ba. Jin Hausa ko Zabarmanci daban, koyar da haɗa baƙi da su daban. Da yawa cikinmu da muka tashi da Hausa a baki, ba mu iya bambanta ƙ da k a rubuce ba, ni ma sai da na girma na koya.

Akwai kuma abin da ya fi karatu nauyi. Ba mu manta gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilun 2021 ba, da ta Maraɗi cikin Nuwamban shekarar, inda kowace ta ci rayukan ƙananan yara akalla 20 a azuzuwan kara. Muddin akwai sauran rumfuna, malamin da za a sa cikinsu ya kamata a ce ya taɓa tsayawa a ɗaya, an nuna masa inda zai bar ƙofa da yadda zai fitar da yara a guje ba su tattake juna ba.

Na san abin da za a ce: kuɗin mai, wurin kwanan ɗalibai, musamman ƴan mata, ga rashin tsaro a sassan Tilaberi da Difa inda makarantu da dama ke rufe. Ba wanda ya ce a kai yaran mutane bakin daga. Amma kilomita goma sha biyar daga Maraɗi ko Tawa ka riga ka shiga irin ajin da muke magana, wasu ma a gefen birnin suke. Abin da nake roƙon ma'aikatar ilimi shi ne, ko da kashi guda na sitaj a yi shi can, kuma a sa shi a farkon shekara, lokacin rubuta sunaye da kafa rumfa da kukan ƴan CI, ba tsakiyar shekara da wani ya riga ya ladabtar da ajin ba. Mai dubawa kuma ya riƙa zuwa ba sanarwa.

Ita dai ɗiyar tawa tana can, ba ta gudu ba. Daraktan makarantar, wani dattijo da ya kusa ritaya, shi ya riƙa barin ajinsa rabin awa kowace safiya yana zama bayan nata, har ta samu kan yaran. Makon jiya ta aiko direban motar kasuwa, wai in saya mata alli kwali biyu da tabarma huɗu.