SHARHI: INA KUƊIN TSARON MAKARANTU SUKA MAƘALE?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mutanen ƙasar Yawuri ba za su taɓa mantawa da ranar Alhamis 17 ga Yuni, 2021 ba, ranar da ɓarayin daji suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a ƙaramar hukumar Ngaski da rana tsaka, suka kashe ɗan sanda, suka kora ɗalibai sama da 80 da wasu malamai cikin daji kamar shanu. 'Yan mata 11 daga cikinsu sai da suka kusa shekara biyu a hannun azzaluman nan, har iyaye suka fito suna roƙon jama'a a taimaka masu da kuɗin fansa, kafin a sako su a 2023, wasunsu da goyo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Abin lura a nan shi ne, wannan makarantar gwamnati ce, mai katanga da masu gadi. To idan haka ta faru da ita, ina ga Islamiyyar ƙauye da jama'a suka gina da karo-karo? Amsa tana Tegina ta jihar Neja, inda a ranar 30 ga Mayu, 2021 aka kwashe yara sama da 130 daga Islamiyyar Salihu Tanko, suka yi kusan wata uku a daji. Masallatai ma ba su tsira ba, domin a Agustan 2025 an buɗe wa masu sallar Asuba wuta a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, aka kashe bayin Allah da dama.

Ba wai ba a taɓa ambaton kuɗi ba. Bayan sace 'yan matan Chibok a 2014, an ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja, 'yan kasuwa suka yi alkawarin Dala miliyan 10, gwamnati ta ce za ta ƙara wasu miliyan 10. A Disambar 2022 aka sake fito da wani shirin na Naira biliyan 144.8, na shekarun 2023 zuwa 2026. Duk da haka a Nuwambar 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, a nan jihar Kebbi, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da 'yan mata 25. Sannan ga abin da ake kira “kuɗin tsaro” da mahukunta ke ɗiba ba lissafi, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa ya kai Dala miliyan 670 duk shekara. Abin tambaya, nawa ne daga ciki ya zama bulo a katangar wata Islamiyya a Wara ko Shanga?

A wasu ƙasashe, duk da irin tasu ɓarnar, sun gane cewa wurin ibada abin hari ne. Amurka ta ware Dala miliyan 305 a 2023 don ƙungiyoyi da wuraren ibada da ake jin tsoron a kai masu hari saboda ƙiyayya, su sa katanga, ƙofofi masu ƙarfi, fitilu da kyamarori. Ingila kuwa a Maris ɗin 2024 ta ba da sanarwar Fam miliyan 117 na shekara huɗu don kare masallatai da makarantun Musulmi. Ba son Musulunci ya sa su ba. Sun san cewa kare ran wanda ke ƙarƙashinka nauyi ne da ba ya faɗuwa.

Don haka abin da jama'ar Yawuri, Ngaski da Shanga ke nema hakkinsu ne, ba sadaka ba. Mutanen da aka tasa daga garuruwansu don gina madatsar ruwan Kainji a 1968, ƙasa ta sha wutar lantarki a kan gonakinsu, ba su cancanci a bar 'ya'yansu a filin Allah ba. Wajibi ne gwamnatin jiha ta ware kaso sananne ga Islamiyoyi, tsangayu, masallatai da majami'un da ke bakin daji da gaɓar ruwa, a buga sunayen waɗanda suka samu da abin da aka ba su. Kuma kada a ba da shi bisa sharaɗin a rufe wa malami baki, ko don wane na jam'iyya ne. Tallafin da zai sayi mumbari ya fi harin ɓarayi illa.

Su kuma 'yan'uwa matasa, bai kamata su naɗe hannu suna jiran Birnin Kebbi ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya fi kowa tawakkali, amma da rundunonin ƙawance suka nufo Madina a shekara ta 5 bayan Hijira, ya karɓi shawarar Salmanul Farisi, ya shiga haƙa ganuwa da hannunsa mai albarka. Kowace makaranta ta san adadin ɗalibanta da sunayen iyayensu. A share ciyawar da ta kewaye ta, a tada katanga ko da ta ƙasa ce, a sa fitila mai aiki da hasken rana. A raba gadi bi-da-bi, musamman lokacin Asuba da Isha'i, a kuma ƙulla zumunci da masunta da masu jiragen ruwa, domin su ne ke fara ganin baƙuwar fuska a gaɓa. Sannan kwamitoci su rubuta bukatunsu, su kai wa ƙaramar hukuma da masarauta, su riƙe kwafi, su yi ta bibiya.

Sai dai a yi hattara. Gadi daban, ɗaukar doka a hannu daban. Wanda ya far wa Bafulatani a kasuwa don kawai shi Bafulatani ne, ya zama irin azzalumin da yake tsoro, kuma jinin zai tsaya masa a gaban Allah.

Yaran da ke ɗauke da allo a yau amana ce. Mahukunta za su amsa tambaya a kan kuɗin da suka riƙe, matasa kuma a kan ƙarfin da aka ba su. Allah Ya kare raunana, Ya tona asirin azzalumai. Wassalam.